Tukunyar Gindin Randa

Wa ya tone tukunyar nan? Tun ranar da na sa fartanya a gindin randata na iske wayam nake wannan tambaya, kuma duk waɗanda za su iya ba ni amsa ƙasa ta rufe musu ido. Ni ban san baƙi ba, ko na allo ko na boko. Autata Rahila ce ke riƙe da alƙalami, ta zo hutu daga Tasawa inda take koyarwa a lakwal, makarantar boko. Na ce ta rubuta yadda na faɗa, kada ta gyara mini baki, kada kuma ta tsaya kallona in hawaye ya zo. Damana biyu ke nan da rasuwar ubansu, ban daina kuka ba, kuma ba na jin kunyar faɗa.

Abin da ya tayar da maganar, ɗana Abarshi ne ya zo daga Maradi ya ce zaman ɗakin ƙasa ya ishe ni haka nan, zai rushe shi ya gina mini na siminti mai rufin kwano. Kowa ya yi ta sa masa albarka. Ni kuwa na san abin da magina za su tarar. Ana gobe za su fara, ranar kasuwar Kanan-Bakashe ce, gari ya watse tun da hantsi. Na ja ƙofa, na kwashe ruwan randa, na mirgina ta gefe, na durƙusa ina haƙa. Na haƙa har gwiwar hannu, na haƙa har kafaɗa, na faɗaɗa gabas na faɗaɗa yamma. Jan rairayi kawai. Ko tsingaro ban gani ba. Da magina suka zo, ta daidai wurin suka yanka ramin ginin, ina zaune a kan turmi ina duban duk ƙasar da suka watso. Ɗayansu har ya ce, “Tsohuwa, zinariya kika binne ne?” Na ce masa ya yi aikinsa. Su ma ba su tarar da komai ba.

Bari in koma baya, don wanda bai ga zamaninmu ba ba zai gane abin da ya sa mace za ta yi rabin rayuwarta tana gadin gindin randa ba. Daga Attantane aka kawo ni wannan ƙauye, a kan jaki, da ƙorena a bayana. A lokacin ba zakara kaɗai ke tayar da gari ba, luguden mata ne. Kana kwance za ka san gidan da taɓarya ta fara sauka, ka san mai fushi da mijinta, ka san mai sabon ciki, don dakanta ya yi sanyi. Rijiyarmu mai zurfi ce, sai da sa ake jan guga, igiya tana kuka a kan itace kamar tsohuwa mai ciwon baya. Yanzu inji ke niƙa, famfo ke ba da ruwa, kowa ya zo da jarkarsa ya tafi, ba mai sanin halin da wani ya kwana. Ɗakin amarya kuwa mata ne ke taruwa su yi masa daɓe, suna yayyafa ruwan bagaruwa suna bugu suna waƙa, har ƙasa ta yi santsi kamar bayan ƙwarya. Daga nan sai babba a cikinsu ta zaɓi inda randa za ta zauna. Tsofaffinmu kan ce mace tana iya sauya gado, tana iya sauya murhu, amma randa inda aka kafa ta nan take tsufa.

Haihuwata ta fari, namiji, bai kai yaye ba. Ta biyu, mace, kwana arba'in ta yi. Aka fara kirana mai wabi, mata masu goyo suna juya baya in na nufo rijiya. Maigidana, wanda ban taɓa kiran sunansa ba kuma ba yau zan fara ba, a lokacin mutum ne mai zafin rai, in gishiri ya gaza a miya akushi ne ke shan ƙasa. Da cikina na uku ya fito, sai ga Inna, mahaifiyata, ta iso daga Attantane da wani ƙunshi a cikin tsohon zane. Inna ba ta wasa da sallarta, amma abubuwan kakanninta ma ba ta yar da su ba. Ta jira maza suka tafi gona, ta kwance ƙunshin. 'Yar tukunya ce baƙa, ba ta fi dunƙulen hannu biyu ba, an liƙe bakinta da yumɓu.

Na ce, “Inna, me ke ciki?”

Ta ce, “Abin da ya riƙe ki kika girma har kika yi bakin tambaya. Ɗauki tulu ki tafi rijiya, kada ki dawo sai inuwa ta juya.”

Da na dawo na iske gindin randa jiƙe, an sake buge shi, randa tana zaune kamar ba a taɓa ta ba. Inna tana wanke hannu. Ba ta dube ni ba ta ce, “Kada ki kau da randar nan. Kada ki faɗa wa namiji, ko da wanda kike kwana ɗaki ɗaya da shi ne. Ranar da rana ta ga abin da ke ƙasa, goyonki ne zai biya.” Na haifi namiji, Inna ta sa masa Abarshi. Aka kuwa bar shi.

Yana rarrafe maigida ya tafi cin rani kudu. Can kurkunu ya kama masa ƙafa, ya kwanta wata da watanni a wata likita, wato asibitin Kirista. Ya dawo ana shirin shuka, yana ɗingishi, da wata sabuwar hanya a bakinsa. Ya ce ya karɓi Yesu Almasihu. Wansa ya raba gandu a wannan shekara, ya ba shi gonar jigawa ta can nesa. Aka daina cin yankansa. Ni ma ban yarda da shi ba. Na ce wani abu aka ba shi a abinci, don mutumin da ya tafi ba shi ne ya dawo ba. Rannan na yi miya da gangan ban sa gishiri ba, na laɓe bayan zana ina jiran ƙarar akushi. Ya cinye tas, ya ce, “Ta Attantane,” haka yake kirana, “yau gishiri ya tafi cin rani ne?” Ya yi dariya. Wannan dariya ta fi faɗansa ba ni tsoro. Damana biyu ina sa masa ido, ina jiran maganin ya sake shi. Bai sake shi ba. Wasu gidaje uku daga ƙauyukan kusa sukan taru gidanmu ranar Lahadi, gindin gawon da ke tsakar gida, ni kuma ina ɗaki ina kaɗi, kunnena yana waje. A hankali na ji ina bin waƙar a ƙasan maƙoshi. A rubuta wannan da kyau: ba tilasta mini aka yi ba, ba don miji na bi ba. Na ji labarin wanda ba ya juya wa mai wabi baya, na so shi.

Akwai wani tsoho mai bishara da ke zuwa mana daga wajen Mayahi a kan jaki, Baba muke ce masa. Da kaka, tabki bai ƙafe ba tukuna, ya ce zai yi mana baftisma, amma kafin a je ruwa sai an bi ta wuta. Aka hura wuta gindin gawo da rana tsaka. Kowa ya kawo abin da yake dogara da shi. Maza suka kwance guru da kambu, wani ya kawo ƙahon da ya gada wajen ubansa. Fata na ƙonewa, wari ya cika gida, maƙwabta suna leƙe ta saman darni. Ni na cire layar wuyana, na tsinke ta ƙugun Abarshi, na jefa. Baba yana bin mu ɗaya bayan ɗaya, har ya iso kaina. Abarshi yana bayana, ya yi barci, numfashinsa yana sauka a wuyana da ɗumi.

Ya ce, “Ɗiyata, da saura a gida?”

Na ce, “Babu, Baba.”

“Ko a rataye, ko a binne?”

Maigida yana tsaye gefe, yana murna kamar ranar suna. Na ce, “Babu.”

Baba ya ɗan jima yana dubana, sannan ya wuce. Da ya gama da kowa ya zauna a kan tabarma ya ce, “Ku mutanen ƙauye kun iya saukar baƙo. Ku shimfiɗa masa a zaure, ku aika masa da fura, ku ce gida naka ne. Amma shi da ku duk kun san iyakarsa zaure. To, Yesu ba baƙon zaure ba ne. In ka ce masa shigo, har ƙurya yake so, har inda kai kanka ba ka son dubawa. Kuma in ya shigo shi ne maigida, kai ne ka koma ɗan masauki.” Aka ce amin. Ni ma na ce amin. Aka nitsar da ni a tabki na fito, mata suna guɗa, ni kuwa hankalina yana gindin randa. Taura biyu na sa a baki ranar nan, kuma ban tofar da ko ɗaya ba.

Maigida shi kam maganar Baba ta shige shi har ƙashi. Da rani ya rushe zaurenmu ya sake shi da faɗi, bai sa masa ƙyaure ba. Ya ce gida ba darni ba ne ba kuma rumbu ba, gida shi ne inda aka ce wa Ubangiji zauna, kuma inda ya zauna ba a tambayar mai sallama ko shi ɗan wane ne. Buzaye masu raƙuma suka gane hanya, Fulanin da ke gangarowa daga wajen Isawan da shanunsu, masu zuwa kasuwa da rana ta faɗi musu. Mutanen da ba su cin yankansa suna cin tuwonsa da miyar kuka, su yi sallarsu a zauren, shi ke ɗebo musu ruwan alwala. Ni kuwa kowane baƙo sai na yi masa kallon ɓarawo. In sun tashi in duba kaji, in duba igiyar akuya. Ya kan ce, “Ta Attantane, kaji sun cika?” In ce, “Yau dai sun cika.” Ya ce, “To gobe ma Allah yana nan.”

Wahalata ba ta maza ba ce, ta mata ce. Al'adarmu, baƙuwa ba ta kwana zaure, ɗakin matar gida ake kai ta. Wadda ta kwana ɗakinka kuwa ba ta neman izini kafin ta sa moɗa a randa. Sai na zama da na ga baƙuwa ta motsa, na riga ta tashi. “Zauna, zauna, ni zan ɗebo miki.” Ko ina tuƙi, ko ina da tsohon ciki, sai na ruga. Har suna ya fita, ana cewa a duk yankin nan ba mai karɓar baƙi kamar matar Kiristan nan, ba ta bari baƙuwa ta ɗebi ruwa da hannunta. Matar fasto ta taɓa kafa misali da ni a taron mata. Na sunkuyar da kai, suka ce kunya ce.

Mai kaza a aljihu ba ya jimirin as. Duk maganar da maigida ya yi sai na juya ta, na duba bayanta. Wata rana yana gyaran hauya a ƙofar ɗakina ya ce, “Randar nan taki ta fi hakimi zama wuri ɗaya.” Na ce, “Nan ruwanta ya fi sanyi.” Ya ce, “To, Allah ya ƙara sanyi.” Shi ke nan. Na kwana bakwai ina auna wannan magana. In ya yi addu'ar safe ya ce Ubangiji ya share mana kowane lungu, sai in buɗe ido ɗaya in ga ko ni yake kallo. Kullum idonsa a rufe. 'Ya'ya huɗu suka tsaya mini. Lokacin da ƙyanda ta shigo gari tana ɗibar yara, ta kama wannan mai rubutun, na durƙusa ina kiran sunan Yesu har muryata ta dushe. Da na buɗe ido sai na ga randa nake fuskanta. Har yau ban san wanda nake roƙo a ranar nan ba. Ta tashi, ban kuma san wanda zan gode wa ba, sai na gode wa Ubangiji da baki, na ƙara share gindin randa.

To, wa ya tone? Na fara zargin maigida. Shekarar da Inna ta rasu na tafi Attantane na yi kwana bakwai. A bayana aka yi ruwa mai ƙarfi, gefen ɗakina ya zube. Na dawo na iske an tayar da bango, an yi sabon daɓe, randa tana daidai inda take. Na ce, “Wa ya ɗaga randa?” Ya ce, “Ni. Da ƙyar, kamar ta yi saiwa.” Na dube shi, ya dube ni, ya tambaye ni mutanen gida da haƙuri. Ban tona na duba ba, don in na iske tukunyar rana ta gan ta, in ban iske ta ba kuma da wane ido zan dube shi? In shi ne, to shekara talatin yana cin tuwon maƙaryaciya yana ce mata sannu da aiki, bai taɓa nuna mini ba. Wane irin mutum ne zai iya haka? Kuma in ya sani, me ya hana shi ya sauke mini kayan?

Sai kuma ƙanwarsa Dije, don ita ta jagoranci matan da suka yi daɓen. A lokacin ta shekara takwas a ɗaki ba haihuwa, kuma ta san irin waɗannan abubuwa sarai. Damana ta zagayo ta haifi namiji. Ranar suna ta rungume ni ta daɗe ba ta sake ni ba. Me ya sa? Ta rasu ban tambaye ta ba. Na ukun ita ce wadda ba na son zargi, amma zuciya ba ta da linzami. Inna. Na ga tukunya a hannunta, ban ga shigarta ƙasa ba. Me ya sa ta kore ni rijiya? Inna mace ce mai wayo, ta san tsoro kaɗai yana iya kashe goyo. Wa ya sani ko jiƙa ƙasa kawai ta yi ta buge, ta mayar da tukunyarta cikin zane ta koma da ita gida? In haka ne, to ramin banza na yi ta gadi. Ramin banza na tare wa Ubangiji ƙofa a kansa.

Rahila ta ajiye alƙalami yanzu ta ce mini, “Haba Inna, ko ma wane ne, ai Allah ne ya raya mu.” Na ce mata na sani, ta ɗauki alƙalaminta, ba ita ta yi ƙarya gindin gawo ba. Na je na faɗa wa fastonmu na yanzu, ya saurare ni har ƙarshe, ya kashe wayarsa ma don ni. Ya ce jinin Almasihu ya isa, kuma ƙofar da aka buɗe da yamma ba a ce ba a buɗe ba. Na yarda da shi. Kaina ne ban yarda da shi ba. Sai da na tabbata babu komai a ramin sannan bakina ya buɗe. Da na iske tukunyar nan, da na fasa ta, ko da na naɗe ta cikin zane na nemi wani lungu a sabon ɗaki? Abarshi yana bin hanyar Maradi kullum a kan babur, Inna kuwa ta ce goyona ne zai biya. Ban sani ba. Kowace safiya ina cewa, Ubangiji, ga ƙurya, shigo, babu abin da na rage. Sai wata murya ta ce, haka kika ce wancan karon ma.

Sabon ɗaki yana da kyau, ba na raina wa yaro ƙoƙarinsa. Amma siminti ba ya karɓar gindin randa, sai da aka sa mata tsohuwar taya. Da rana kwano yana ƙara kamar ana taka shi. Zauren ma an sa masa ƙofar ƙarfe, an ce zamani ya lalace, baƙo ba a san shi ba. Ni da na yi shekaru ina zargin baƙi, yanzu ni ce nake zama ina sauraron ko wani zai yi sallama.

Sau ɗaya na buɗe baki zan faɗa wa maigida. Bazara ce, ya kwana goma sha biyu ba ya tashi, mun fito da shi ƙarƙashin rumfa don zafi. Abarshi ya tafi Kanan-Bakashe neman motar da za ta kai shi likita. Bayan azahar gida ya yi tsit, daga ni sai shi, ina yi masa fifita. Na ga yadda hancinsa ya tsaya, na san irin wannan tsayuwa. Na ce yau ko me zai faru sai ya ji daga bakina. Na ce, “Maigida, akwai maganar da na riƙe tun ranar da aka hura wuta gindin gawon nan.” Ya buɗe ido ya dube ni. Na duba idon nan iyakar dubawata, ko zan ga mamaki, ko zan ga sani. Ban ga ko ɗaya ba, gajiya na gani. Na ja numfashi zan ci gaba, sai aka yi sallama a zaure, muryar mace, wata Buzuwa ce da ta yi tafiya a rana tana neman ruwa. Na yi kamar ban ji ba. Ta sake yi. Na riƙe hannunsa na ce ta jira. Amma na tashi, don ya ce in tashi. Ban fi ɗibar moɗa biyu ba. Da na dawo idonsa a buɗe, harshe ya riga ya tafi, kuma kafin motar ta iso ya cika. Na yi ta zuba masa maganar a kunne, tukunya, Inna, randa, duka, ban san ko ta shiga ba.

Abin da ya ce da ya zare hannunsa daga nawa, shi ne:

“Ni ina nan, Ta Attantane, ba inda za ni. Tashi ki shigo da ita, rana ta yi mata yawa.”